Ashe Ba Kunnen Ƙashi Ba Ne

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Gusau, na haura shekara 20 a kan keke. Ba zan faɗi sunana ba, domin labarin ba nawa ne ni kaɗai ba. Akwai yaro a ciki, kuma yaron nan gobe zai girma ya nemi aure a garin nan. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na san akwai gidaje da yawa, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, har Tsafe da Ƙauran Namoda, da ake yin abin da na yi shekaru ina yi a gidana, wato dukan yaron da larurar ƙarancin natsuwa ke damunsa, kuma masu yin suna ganin tarbiyya suke bayarwa. Ni ma haka na ɗauka.

Ɗana na fari sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Abba muke ce masa. A 2014 aka haife shi. Tun da ya fara tafiya ba mu ƙara sanin hutu ba. Yana shekara 3 ya taka turmi ya haye katanga ya dira gidan maƙwabta. In an zuba masa abinci loma biyu zai yi ya miƙe, ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya ƙara ɗaya, ya hango ƙadangare ya bi shi. Da ya isa aike, uwarsa za ta ce ya sayo magi da ashana da kanwa, sai ya dawo da ashana kaɗai, canjin ma bai san inda ya yar ba. Takalmi kuwa, a zangon karatu ɗaya na saya masa sau huɗu.

Malamarsa ta aji ɗaya ta taɓa tare ni a bakin ƙofar makaranta ta ce, "Malam, yaron nan yana da kai, amma ba ya ji." Ba ta gama tambaya ya faɗo amsa. In ta ce a yi layi sai ya ture na gabansa. In ta juya tana rubutu a allo, kafin ta waiwayo yana ƙarƙashin benci. Littattafansa duk rabin shafi ne, ya fara ya bari, ya fara ya bari. Wata makarantar kuɗi da na sa shi, shugabanta ya kira ni ya ce in nema masa wani wuri, yana hana 'ya'yan mutane karatu. A Islamiyya kuwa bulala ce kullum. Unguwa ta sa masa sunaye: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, gagararre.

Ni kuma ina da dorina a rataye bayan ƙyauren ɗakina.

Kowa ce mini yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na yarda. Na doke shi a kan takalmi, na doke shi a kan canji, na doke shi a kan wasa a sahun sallah. Abin da har yau yake cin raina shi ne yadda yake kuka. Zai riƙe ƙafata yana cewa, "Baba na tuba, wallahi ba zan sake ba," kuma in ka dubi idonsa ka san har zuciyarsa yake faɗa. Kafin awa guda ya sake. Sai in ce raini ne, in ƙara masa. Wani dare, yana shekara 7, ina alwala a bakin rariya na ji shi a ɗakin uwarsa yana tambayarta a hankali, "Mama, me ya sa Allah ya yi ni mugun yaro?" Na daɗe tsugune da buta a hannu. Amma kada in yi wa kaina ƙarya a rubutun nan: ko sati ba a yi ba na sake sauko da dorinar, domin ban san wata hanya ba.

Mun nemi taimako irin wanda aka saba. Gwaggona ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi tofi. Wani ya ce alewa da lemon kwalba ne ke hawa masa kai, muka hana shi wata biyu, yaro yana nan yadda yake. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi masa kuma ina sa a yi masa. Abin da ban yi ba shi ne neman sanin abin da ke damunsa.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe makarantun Zamfara saboda satar ɗalibai aka kuma yanke layukan waya, uwarsa ta ce ba za ta iya da shi wuni guda ba, sai na riƙa tafiya da shi shago. A nan na ga abin da ya ƙara rikita ni. Akwai wani tsohon keke Butterfly da ya lalace na tura shi lungu. Wata rana na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, sai ga Abba zaune a ƙasa ya kwance gidan ƙoshiya, ya jera ƙananan kusoshin a kan ƙyalle bi da bi, yana goge kowanne da mai. Aka kira azahar bai ji ba. Na kira shi sau uku bai ɗago ba. Ya fi awa biyu a wurin, yaron da ba ya iya minti biyar a kan aikin gida. Maimakon in yi murna, sai na ce ashe yana iya zama in ya ga dama, ke nan da gangan yake yi. Wannan ranar ta jawo masa duka mai yawa daga baya.

Wanda ya fara ambata mini sunan larurar wani mai kawo mini ɗinki ne, ma'aikacin jinya. Ya zo karɓar kaftaninsa da na yi masa alkawari tun mako uku, na ba shi benci na ce ya ɗan jira in sa maɓalli. Yana zaune yana kallon Abba yana shiga yana fita, ya taɓa almakashi, ya taɓa dutsen guga, ya katse mana magana. Ya yi mini 'yan tambayoyi, sannan ya ce akwai wata larura da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da aikata abu kafin tunani, kuma ya kamata in kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a duba shi. Raina ya ɓaci. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce za a kai mutum Kware. Na ce masa, "Ɗana ba mahaukaci ba ne." Ya ce, "Ni ma ban ce ba, Malam." Ya karɓi kayansa ya tafi.

Sai da na shekara fiye da ɗaya ina juya maganar. A farkon 2023 Abba ya hango ƙwallo ta gangara titi, ya bi ta bai duba dama ko hagu ba, ɗan kabu-kabu ya kwashe shi, hannu ya karye. Muna zaune ana ɗaure hannun, uwarsa, wadda ba ta taɓa yi mini musu a kan tarbiyyar yara ba, ta ce, "Baban Abba, dukan nan shekara nawa ke nan? Da magani ne ai da ya warke. Yau hannu ne." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban bari ta ƙarasa ba.

Da hannun ya warke muka shiga mota da safe, ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara muka isa Sakkwato, daga nan muka kama hanyar Illela zuwa Kware. Na tafi ina tsammanin za a sa masa wata na'ura a kai ko a ɗebi jini a ce ga ciwon. Ashe babu gwajin jini ko hoto da ke nuna wannan larura. Tambaya ce, mai tsawo. Likitan ya tambayi uwarsa tun daga goyon ciki: ko bakwaini ne, ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ko ya taɓa sanƙarau ko faɗuwa a ka. Ya sa a duba ji da ganinsa, domin yaron da ba ya jin malami sosai shi ma ba ya natsuwa. Ya tambaya ko yakan yi zuru na 'yan daƙiƙu kamar ba ya nan, saboda akwai wata ƙaramar farfaɗiya mai kama da haka. Ya tambayi barcinsa. Ya tambaya ko ya taɓa ganin hari ko gudun tsira, ya ce yaran da suka ga tashin hankali sukan rasa natsuwa, kuma nasu maganin daban ne. Da ya ji daga Zamfara muke, sai ya tambaya ko mun taɓa zama wajen Anka ko Bukkuyum, ko ana daka dutsen zinariya a gidanmu. Na gane inda ya dosa. Babu wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan can, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ya ce dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma cikin abin da take bari har da rashin natsuwa. Mu ba mu taɓa zama can ba, amma na rubuta wannan don iyayen da suka zauna.

Bai yanke hukunci ranar ba. Ya ba mu takarda mu kai wa malamin ajinsa ya cike, ya ce sai alamun sun kasance a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta, sun wuce wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma suna cutar da rayuwar yaron da gaske. Ya ce ba kowane mai ƙiriniya ne ke da ita ba, ƙiriniya ai halin yara ce. A zuwa na biyu ya tabbatar mana.

Ga abin da na riƙe daga bayaninsa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne ke tsayar da mutum, ya ce masa dakata, gama wannan tukuna, tuna abin da aka aike ka. Saƙonni a sashen nan suna tafiya da wasu sinadarai, musamman dofamin da noradirenalin, kuma a wurin mai wannan larura aikinsu ba ya tafiya daidai. Ni da na san keke sai na fahimce shi ta hanyata: in abin ɗaure zare ya saki, keke zai riƙa tsallake ɗinki ko da shaddar ta fi kowace tsada, kuma ko ka wuni kana bugun kan keken da hannu ba zai daina ba. Na tambaye shi batun tsohon Butterfly, na ce to yaya ya iya zaman awa biyu? Ya ce wannan ma cikin alamun ne. Hankalin yana nan, juya shi ne ke da wuya. Abin da ya burge yaron yakan riƙe shi har ya manta da ci, abin da bai burge shi ba kuma ko yana so ya tsaya a kai sai ya zame. Na tuna dukan da na yi masa saboda ranar nan, na sunkuyar da kai.

Na ce ko wayar hannu da talabijin ne suka kawo ta. Ya ce wani likitan yara a Landan mai suna Joj Stil ya yi bayanin irin waɗannan yara tun 1902. Ya ce kimanin yara 5 cikin 100 ke da ita, wato a ajin gwamnati mai yara 60 ba za a rasa kamar uku ba, manya kuma tsakanin 2 zuwa 3 cikin 100. Sukari ba ya kawo ta, rashin tarbiyya ma ba ya kawo ta. Mafi yawanta gado ne, binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso 70 zuwa 80 cikin 100.

Yana faɗin haka ya dube ni. Tun shigarmu ƙafata ke rawa a ƙarƙashin tebur, katin asibitin sau biyu ina neman inda na sa shi, kuma na katse shi ya fi a ƙirga. Ya ce, "Malam, kai fa? Yaya ƙuruciyarka ta kasance?"

Ban ba shi amsa mai kyau ba a ranar, amma a mota har Gusau ita nake tunani. Ni ne yaron da ya fi kowa shan bulala a makarantar allo. Sa'o'ina suka sauke, ni ban wuce izu biyar ba. A aji uku na ƙaramar sakandare na bar boko, ana ce mini daƙiƙi, na kuma yarda. A sana'a hannuna yana da kyau, ko maƙiyina ya san haka, in na zauna aikin wuyan babbar riga sai in kai asuba ban sani ba. Amma na yanka shaddar wani da awon wani. Na karɓi kafin alƙalami na kashe, na manta na wa ne. Kowace sallah sai an yi cacar baki a ƙofar shagona, akwai shekarar da wani dattijo ya zo daren sallah ya tarar ko yanka yadin 'ya'yansa ban yi ba, bai zage ni ba, ya ɗauki ledarsa kawai ya ce, "Allah ya shirye ka." Na yi kuka a shago daren nan. Shekara 20 ina ɗaukar kaina mutumin banza marar alkawari, ina istigfari, ina ƙudurta gyarawa, ina komawa. Daidai da Abba riƙe da ƙafata.

Likitan ya ce kafin ya ce komai a kaina sai an ji daga wanda ya san ni ina ƙarami. Na je wurin Inna da daddare na zauna a bakin tabarmarta na tambaye ta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai? Ai na taɓa aikenka sayen manja da hantsi, sai la'asar aka samo ka bayan kasuwa kana bin masu wasa da kura, kwalbar tana hannunka babu komai ciki. Malam ya ɗaure ka a turken akuya ranar." Ta ce mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ma bai taɓa zama ya gama cin tuwo a zaune ba. Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ashe ciwo muka yi ta duka." Na ce, "Inna, ba ku sani ba." Ta ce, "To kai yanzu ka sani."

A daren na cire dorinar daga bayan ƙyaure na jefa ta a masai.

Batun magani na ji tsoro ƙwarai, don na ga abin da ƙwaya ta yi wa samarin unguwarmu. Likitan ya ce yaron da bai kai shekara 6 ba, da horar da iyaye ake farawa kafin a yi zancen magani. Abba yana da 9, kuma abin ya riga ya kai ga karaya, don haka ya rubuta masa metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, ya fara da ɗan kaɗan. Magani ne da hukuma ke sa wa ido, ba a bayar da shi sai da takardar likita, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya je kemis ya ce a ba shi don ya ji a wurina. Yakan fara aiki cikin kamar rabin awa, ya yi awa uku zuwa huɗu ya sake shi. Ba ya warkar da larurar, yana dai riƙe masa hankali na lokacin. Yana rage cin abinci, shi ya sa uwarsa ke cika masa ciki da koko da ƙosai kafin ya sha, kuma ba a ba shi da yamma don kada ya hana shi barci. Duk zuwa asibiti sai an auna nauyinsa da tsawonsa da bugun jininsa. Samunsa wahala ne, akwai watan da muka zagaya Gusau babu, sai daga Sakkwato aka aiko mana, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne ga mai cin abinci daga keke.

Sati na biyu da farawa ya dawo daga makaranta ya miƙa wa uwarsa littafi. Shafi guda cikakke, daga sama har ƙasa, da jan biron malami a gindinsa. Ya ce, "Mama, yau na ji duk abin da Malam ya ce." Littafin yana cikin akwatinta har yanzu.

Amma maganin rabin aikin ne, sauran a hannunmu yake, kuma mu ne muka fi shan wuyar canzawa. Na daina ƙwala masa umarni daga nesa. Sai in je in dafa kafaɗarsa, ya dube ni, in faɗi abu ɗaya tak, in ce ya maimaita. Aike in ya wuce abu biyu a rubuce yake tafiya. Aikin gida minti goma ne, ya tashi ya ɗebo ruwa ko ya zagaya, ya dawo ya ƙara goma. Takalmi da jaka suna da ƙusa ɗaya a zaure. Lokutan sallah suka zama turakun wuninsa: bayan la'asar ƙwallo, bayan magariba karatu, bayan isha'i babu waya sai barci. Malaminsa na yanzu, Allah ya saka masa da alheri, ya dawo da shi bencin gaba nesa da taga, ya kuma ba shi aikin goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin miƙewa ba tare da laifi ba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yabo. Mu ba mu tashi ana yabonmu ba, bakina bai saba ba. Likitan ya ce in yaba masa nan take, a kan ƙaramin abu, kada in jira sai ya yi babba. Ranar farko da na ce, "Madalla Abba, ka rataye jakarka," sai ya tsaya yana kallona kamar yana jiran sauran maganar. In ya yi laifi har yanzu akwai hukunci, a hana shi ƙwallon ranar ko zuwa shago, amma babu duka. Nakan yi fushi, wani lokaci har in daka tsawa, sai in fita zaure in tsaya har in huce.

Ni ma likitan ya tabbatar ina da ita, ya ce zan iya shan magani. Kuɗin bai isa mutum biyu ba, na bar wa yaron. Abin da nake yi shi ne na daina dogara da kaina. Kowane yadi da ya shigo, kafin mai shi ya fita sai na rubuta suna da awo da ranar karɓa a takarda na maƙala da fil a jikinsa, na kuma shigar a babban littafi. Waya tana yi mini ƙara sau uku a wuni in duba littafin. Kafin alƙalami uwar Abba ke riƙewa, ba ya kwana a aljihuna. Ɗinkin sallah ina rufe karɓa ran 10 ga azumi, ko wa ya zo, kuma yaron shagona na ba shi izini ya tuna mini a gaban mutane in na fara cewa "kawo, za a yi". Sallar bara mutum biyu kawai na saɓa wa, na kira su tun da sauran kwana uku na ba su haƙuri.

Abba yanzu yana shekara 11. Ba ya cikin na ɗaya zuwa na goma a ajinsu, yana tsakiya, kuma har yanzu yakan dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Tsohon Butterfly ɗin nan ya tayar da shi, da shi yake yi wa ƙannensa facin kayan makaranta ranar Asabar.

Akwai ƙanwarsa mai shekara 8. Ita ba ta hawa katanga, ba ta katse magana, malamai suna cewa ba ta da matsala ko kaɗan. Amma uwarta ta lura in ana yi mata magana idonta na kanka, hankalinta yana wani wuri, wanke-wanke sai ta bar rabi ta tsaya kallon tururuwa, kuma littattafanta rabin shafi ne, rabin shafi. Likitan ya taɓa gaya mana larurar iri uku ce: mai yawan motsi, mai shiru da tafiyar hankali, da mai haɗa biyun, kuma 'yan mata sun fi faɗawa ta shirun, shi ya sa ba a cika gane su ba, sai dai a ce musu shashasha. Wataƙila ita ce, wataƙila wani abu ne daban, ba ni zan yanke ba. Na riga na karɓo takardar da malamarta za ta cike. Ranar da Abba zai koma ganin likita a wata mai kamawa, in Allah ya kai mu, da ita za mu tafi.